Wasiƙa zuwa ga Edita: Yadda "lef, rai" ta ɗaga ƙafar mahaifina

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah a ɗan sam min fili, maganar tana da ɗan tsawo amma ta daɗe tana cina a rai kuma nasan akwai gidaje da yawa da suke cikin irin halin da muke ciki. Ni malamar firamare ce, kimiyya nake koyarwa a aji biyar da shida. Abin da ya jefa ni karance-karance a kan ƙwaƙwalwa shine jinyar mahaifina.

Baba tsohon soja ne, ina sakandare ya yi ritaya. Yau shekara huɗu kenan da likita ya tabbatar mana yana da cutar Fakinson, wadda mutanenmu ke ce wa ciwon karkarwa ko makyarkyata. Duk wanda ya zo dubiya rawar hannun yake kallo, amma wallahi mu da muke jinya ba ita tafi ɗaga mana hankali ba, ƙagewar ƙafa ce. Zai taso daga kan kujera lafiya lau yana ɗan jan ƙafa, yana isowa bakin ƙofar ɗaki sai ya tsaya cak kamar an liƙe takalminsa da ƙaro, jiki na son gaba ƙafa ta ƙi, gwiwa sai rawa take a waje ɗaya, wani lokacin har ya nemi kifawa. In kace "Baba taho mana" sai abin ya ƙaru. Mutumin da ya shafe ƙuruciyarsa a filin fareti, yau taku ɗaya ya gagare shi a gaban jikokinsa, kana kallon idonsa kasan abin na masa ciwo.

Wata ranar Asabar da la'asar ya ƙage a ƙofar nan riƙe da buta zai je alwala. Ɗana, ɗan shekara tara, kasan wasan jika da kaka, sai ya ƙame ya sara masa yace "Tsoho fareti ya gagara ne? Lef! Rai! Lef! Rai!" yana buga ƙafa a ƙasa. Na buɗe baki zan kwaɓe shi kenan sai naga Baba ya ɗaga ƙafar hagu, ya sauke, ya ɗaga ta dama, ya tsallake dokin ƙofa, ya miƙe tsakar gida taku dai-dai da muryar yaron har bakin rijiya. Inna tana tankaɗe ta saki rariya tana salati. Ni kam kuka nayi.

Ranar da muka koma asibiti na ba ma'aikaciyar sashen gashi labari, wato fisiyo, a zatona zata yi mamaki. Murmushi kawai tayi tace ai sanannen abu ne a aikinsu, har suna gare shi, kuma ta nuna min wata manhaja a waya mai buga ƙas, ƙas, ƙas kamar agogon bango wadda ake saita mata sauri. Tun daga ranar na shiga bin diddigin maganar, duk abin da na samu na karanta.

A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu curi-curi da ake kira basal gangiliya. Cikin aikinsu akwai tada motsin da mutum ya saba har baya tunaninsa, irin tafiya, da ba shi lokacinsa, yanzu ɗaga yanzu sauke. Suna aiki ne da wani sinadari mai suna dofamin, to a cutar Fakinson ƙwayoyin da ke samar da dofamin ɗin ne suke mutuwa a hankali. Ƙafar Baba lafiyarta lau, tsokar na nan, makaɗin cikin kansa da ke ba ƙafar lokaci ne ya raunana. Da yaron ya kawo bugu daga waje, wato sautin "lef, rai" mai dawowa a kan lokaci, sai saƙon ya shiga ta kunne. Bayanin da masu bincike da yawa ke bayarwa shine akwai wata hanyar daga sashen ji zuwa sassan motsi, wadda ke bi ta ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya da ake kira serebelum da kuma ɓangaren gaba mai tsara motsi, kuma ita cutar bata cika cinye ta da wuri ba. Kamar gada ce ta karye a babban titi direba ya ratse ta cikin ƙauye, hanyar bata kai titin daɗi ba amma ana isa. Tun 1996 wani masani Michael Thaut da abokan aikinsa a jihar Kolorado ta Amurka suka sa masu wannan cuta atisayen tafiya da bugu a gida, minti 30 kullum har sati uku, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari, faɗin takunsu ma ya ƙaru. Kusan shekara talatin kenan fa Malam Edita, mu sai a bakin yaro ɗan shekara tara muka tsince shi.

Abin da yafi tsaya min a rai a duk karatun nan shine lugude. Na tashi a gidan yawa, kuma duk macen da ta tashi irin tashina tasan shi, mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, wata har ta cilla tata sama ta tafa ta cafe kuma bata ɓata layi ba. Muna yara mun ɗauka ƙwarewar hannu ce kawai. To a lissafa, daga lokacin da kunne ya ji ƙara zuwa lokacin da hannu zai amsa, ana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Da ace kowace mace jira take sai taji saukar taɓaryar 'yar uwarta sannan ta sako tata, da kullum a makare take, da taɓare sun yi ta karo an fasa wa wata goshi. Ashe ba jira suke ba, ƙwaƙwalwar kowacce ta riga ta kintaci lokacin da bugu na gaba zai faɗo, ta tura hannu tun bai zo ba. An gwada wannan sau ba adadi a ɗakunan bincike, a sa mutum ya riƙa buga yatsa a tebur yana bin ƙas-ƙas ɗin na'ura, sai a tarar yawanci yatsan na riga ƙarar sauka da ɗan ƙiris, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, shi kuwa mai bugun a jinsa dai-dai yake. Wato bin kiɗa hasashe ne. Haka maƙera biyu a kan uwar maƙera ɗaya, haka 'yan gayya da gangar noma a bayansu fartanya na sauka tare, haka 'yan mata a dandali suna gaɗa.

Kuma hasashen nan sai da wayarin. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, amma yawansu kaɗai baya aiki sai an haɗa wannan unguwa da waccan. Akwai dogayen zarurruka da suke ɗaure-ɗaure kamar wayoyin lantarki a cikin bango, an naɗe su da wani farin kitse mai suna mayelin kamar yadda ake naɗe waya da roba, shi yake sa saƙo ya yi gudu har ya haura mita 100 a daƙiƙa ɗaya a manyan jijiyoyi. Ɗaya daga cikin ɗaurin nan ya taso daga sashen ji da ke saitin kunne, ya lanƙwaso kamar baka ya nufi gaban kai inda ake tsara motsi da magana. A 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Niyok, cikinsu akwai Florencia Assaneo da David Poeppel, sun sa mutane suna raɗa "ta, ta, ta" alhali ana zuba musu wasu gaɓoɓin sauti a kunne da wani sauri ƙayyadadde. Ba a ce kowa ya bi ba. Sai mutanen suka rabu gida biyu, wasu bakinsu ya faɗa cikin layin sautin da kansa ba tare da sun sani ba, wasu kuwa ko a jikinsu. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu sai aka ga bambanci a wannan lanƙwasasshen ɗauri ta ɓangaren hagu, kuma 'yan rukunin farko sun fi iya tsinto sabbin kalmomi a cikin wani ƙirƙirarren yare da aka kunna musu. Ni a matsayina na malama wannan na ƙarshen ne ya sa na ajiye wayar na yi shiru.

Kafin su ma, a 2007, Jessica Grahn da Matthew Brett a Kambirij ta Ingila sun kwantar da mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa aka ce kar su motsa, saurare kawai. Duk da haka sassan motsi suka kama aiki, kuma in sautin yana da bugu tsayayye basal gangiliya ɗin nan sun fi tashi. Shi yasa zaka ga dattijo mai kamun kai zaune a wajen biki, fuska a murtuke, amma babban yatsan ƙafarsa na motsi a cikin takalmi. Jiki ya riga ya amsa.

Yanzu bari in zo kan goyo, don a nan ne naji ina alfahari da iyayenmu mata. A 2009 a ƙasar Hangari an manna wa jarirai 'yan kwana biyu zuwa uku wasu 'yan wayoyi a ka suna barci, aka kunna musu kiɗan ganga, can sai a cire bugun da ya kamata ya faɗo a farkon zagaye, sai a ga ƙwaƙwalwar jaririn ta nuna alamar taji an tsallake wani abu. Kaga da shi ake haihuwarmu. Amma wanda yafi burge ni shine na Jami'ar McMaster a Kanada a 2005, aikin Jessica Phillips-Silver da Laurel Trainor. Sun samu jarirai 'yan wata bakwai aka kunna musu wani bugu da za a iya jinsa bibbiyu ko uku-uku, babu inda aka ƙarfafa. Wasu aka riƙa jijjiga su a kowane bugu na biyu, wasu a kowane na uku. Daga baya kowane jariri ya fi karkata ga salon da aka jijjiga shi da shi. Waɗanda kallo kawai suka yi ana motsawa ba a jijjiga su ba, abin bai kama su haka ba. Wato jiki ne ke koya wa kunne yadda zai ji. To dan Allah a duba jaririn Bahaushiya, tun yana ɗan mitsitsi yana ɗaure a baya, uwa na daka yana sama yana ƙasa tare da taɓarya, tana tafiya rijiya yana jin takunta a ƙirjinsa, tana masa tawai tana bubbuga shi. Makaranta ce sukutum wadda ba a biyan ko kwabo.

Har tsuntsu ya shigo maganar. Akwai wani farin aku mai tukku a Amurka da ake kira Snowball wanda Aniruddh Patel da abokan aikinsa suka gwada suka wallafa a 2009, ana ƙara saurin waƙa ko a rage yana gyara kaɗa kansa ya bi. Biri kuwa, duk kamarsa da mutum, sai an sha wahalar horo mai tsawo kafin ya ɗan kamo. Ra'ayin Patel shine halittar da ke iya kwaikwayon sauti da murya, kamar mutum da aku, ita ke da ƙaƙƙarfar igiya tsakanin ji da motsi. Wasu masanan sun ja da shi, musamman bayan da wata dabbar teku mai suna Ronan a Kalifoniya, wadda ba a san irinta da kwaikwayon murya ba, ta koyi kaɗa kai da kiɗa a 2013.

Inda nake da ƙorafi, kuma da mu malamai nake, shine abin da ke faruwa duk shekara in an fara shirin faretin ranar yara ta 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba. A wata makaranta da na taɓa koyarwa akwai wani yaro, natsattse, mai ƙoƙari a lissafi, amma in aka buga ganga kowa ya ɗaga hagu shi dama yake ɗagawa, in ya gyara kuma ya makara. Malamin da ke horar da su ya ɗauka iskanci ne, kullum sai ya zane masa ƙauri da tsumagiya a gaban 'yan uwansa, yara suka sa masa suna, daga ƙarshe duk ranar atisaye sai yace cikinsa na ciwo. Ina tsaye ina gani ban ce komai ba don a lokacin ban san abin da na sani yanzu ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci. Mutane sun bambanta a wannan baiwa kamar yadda suka bambanta a tsawo. A 2011 masu bincike a Montiriyal ta Kanada sun bada rahoton wani saurayi da suka kira Mathieu, kunnensa lafiya, hankalinsa lafiya, yana bambance muryoyin waƙa, amma ya kasa kamo bugun waƙa ya bi shi, sai dai in yana kallon wani yana kwaikwaya. A 2022 kuma wani babban bincike da Jami'ar Vanderbilt ta jagoranta ya tambayi mutum sama da 600,000 ko suna iya tafi dai-dai da bugun waƙa, aka duba ƙwayoyin halittarsu, aka samu wurare 69 da ke da alaƙa da abin, da yawansu masu aiki ne a ƙwaƙwalwa. Wace bulala ce zata gyara wannan? Abin da ke taimako shine maimaici cikin natsuwa, a rage sauri, a riƙe hannun yaro a taka tare. Kuma wayarin ɗin yana ginuwa da aiki, don an ga cewa makaɗan da suka fara koyo kafin shekara bakwai gadar da ke haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwarsu ta fi ta waɗanda suka fara daga baya ƙwari a sashen da ya shafi motsi.

Shi yasa nake jin takaicin yadda muke sakin abubuwan nan ba tare da mun maye gurbinsu ba. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata, ni ma bana fatan a koma surfe da daka kullum, bayan iyayenmu ya sha wuya. Amma gaɗa fa? Tafa-tafa fa, da 'yar carafke, da tsallen igiya? A unguwarmu yanzu da wuya kaji tafin 'yan mata bayan isha'i, rashin tsaro ya hana wasan dandali, kowa ya shige ɗaki da waya. A ajina na dawo da minti biyar na tafi da ƙirga kafin a fara darasi, muna haddace jadawalin sau da tafi, kuma ina ganin yadda yaran ke farkawa. Akwai wata yarinya mai in'ina da in na tsayar da ita ita kaɗai kalma ɗaya sai ta yi ta fama, amma in aji ya ɗauka baki ɗaya da kari sai ta bi tar babu tuntuɓe, kuma wannan ma sananne ne a wajen masu gyaran magana, waƙa da karatun haɗin baki da bin bugu suna sassauta in'ina a lokacin da ake yinsu. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ga yara na rangaji gaba da baya suna biya karatu, ba wanda ya ce su yi.

Nasan wani zai ce malama kina tallar kiɗa ne. A'a. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ban isa in sa baki ba. Baba ko rediyo baya son a ƙure masa. Abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata bugu ne mai dawowa a kan lokaci, ƙirgen ɗaya biyu ya isa, tafi ya isa, bugun sanda a ƙasa ya isa.

Ga masu jinya irina, dan Allah a fahimce ni da kyau, wannan ba warkarwa yake ba kuma baya maye gurbin magani. Baba yana shan ƙwayoyinsa a kan lokaci, ranar da aka makara ba shi kuwa ko lef rai ɗin bata cika ci ba. Fisiyo ta gargaɗe mu da abu uku da na riƙe, a fara da saurin takunsa na yau da kullum kar a ja shi da gudu, wani ya tsaya a gefensa saboda faɗuwa, kuma kar a riƙa masa hira yana tafiya don hankalinsa na kan bugun. Mun kwashe tabarmi da takalman da ke bakin ƙofa. Wata rana abin yayi aiki kamar yankan wuƙa, wata rana sai mun tsaya, ya ja numfashi, ya ɗan karkata nauyinsa dama da hagu muna ƙirgawa sannan ƙafar ta saku.

Roƙona gare ka Malam Edita, ranar 11 ga Afrilu ce ranar cutar Fakinson ta duniya, ranar haihuwar likitan Ingila James Parkinson wanda ya yi bayaninta a 1817. Dan Allah ku tura wakilinku ya zauna da likitocin ƙwaƙwalwa da na sashen gashi a asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato, su yi wa jama'a bayani da Hausa a shafinku na lafiya. Mu sai da muka ɓata fiye da shekara ana ce mana jifa ne, wasu suce tsufa ne kawai a haƙura, an sha rubutu an sha turare kafin muka je inda ya dace. Akwai tsofaffi da yawa a zaune a ɗaki an ɗauka tasu ta ƙare, alhali da magani da ɗan atisaye zasu iya kai kansu bayi, wanda ba ƙaramin mutunci bane ga dattijo.

Yanzu Baba da kansa yake ba kansa oda, ƙasa-ƙasa, yana buga sandarsa. Jiya da magariba shi da jikan nasa suka tafi masallacin ƙofar gida, yaron ya dawo yana faɗa min taku 64 ne daga zaure zuwa inda ake cire takalmi, kuma sau ɗaya kawai suka tsaya.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Taku,
Wata malamar firamare, daga Gusau